Manjo Taylor, Zakaran Tseren Keke na Duniya: Tashinsa, Shahararsa da Ƙarshensa

Kamar yadda muka saba a fitowar bikin cikar shekarar ƙungiya, mukan keɓe shafi mu kawo tarihin wani da ya shuɗe, wanda ya ci abincinsa a kan hanya kamar yadda muke cin namu. A bana mun ɗauko wani baƙar fatar Amurka mai suna Marshall Walter Taylor, wanda duniya ta fi sani da Manjo Taylor. Sana'arsa tseren keke, kuma a zamaninsa babu wanda ya fi shi gudu a gajeren zango. Ya tsallake iyakoki da tekuna, ya tara dukiya, ta zube masa, ya rasu a asibitin talakawa babu wanda ya zo karɓar gawarsa.

Keke ba baƙonmu ba ne a Managil. Maƙwabtanmu ajala suke ce masa, kuma da yawa daga cikin dattawan ƙungiyar nan a kansa suka fara fatauci, da buhun albasa ko na gyaɗa a baya, su bi gefen tur'a da sassafe don su riski kasuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023 man mota ya yi wuya, wasunmu sun sake kakkaɓe masa ƙura. Don haka labarin mutumin da ya kai keke ƙololuwarsa ba zai yi mana nisa ba.

Ɗan direban keken doki

An haife shi ranar 26 ga Nuwamba 1878 a birnin Indianapolis, shekara goma sha uku bayan an haramta bauta a Amurka. Mahaifinsa Gilbert tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasar ƙasar a ɓangaren Arewa, daga baya ya kama aikin tuƙa keken doki a gidan wasu attajirai farar fata, iyalan Southard. Yakan tafi da yaron wurin aiki, har ya shaƙu da ɗan gidan mai suna Daniel, sa'ansa. Suka ɗauke shi ya zauna tare da su, malami ɗaya yake koyar da yaran biyu, aka kuma saya masa keke. Da iyalan suka ƙaura zuwa Chicago yana wajen shekara goma sha biyu, sai ya koma gidansu na talauci, ba shi da komai sai wannan keke.

Da shi ya fara rarraba jarida, ya kuma koyi wasanni iri iri a kansa. Wata rana ya kai keken gyara shagon Hay da Willits, mai shagon ya ga irin ƙwarewarsa, ya ɗauke shi aiki a kan dala 6 a mako. Da safe ya share shago, da yamma ya fito ƙofa ya yi wasa don ya ja hankalin masu saye. Kayan soja ake sa masa lokacin wasan, daga nan sunan Manjo ya bi shi har kabari. Mai shagon ne kuma ya tura shi tseren farko, na mil 10, ya shiga yana ɗari-ɗari, ya fito da lambar zinariya.

A shekarun nan keke ya zama abin yayi a Amurka da Turai, filayen tsere suna cika maƙil, ana kuma zuba kuɗi. Amma a 1894 babbar ƙungiyar mahaya keke ta Amurka ta hana baƙar fata zama ɗan ƙungiya. A watan Yuni 1895 Taylor ya shiga tseren mil 75, wato kimanin kilomita 120, daga Indianapolis zuwa garin Matthews. Sai da aka ɓoye shigarsa har aka tashi, don kada sauran su janye. Ruwa ya kece, hanya ta zama taɓo, shi kaɗai ya kai ƙarshe.

A lokacin ya riga ya sami ubangida, Louis Munger, tsohon zakaran tsere da ya koma ƙera kekuna. Munger ya ɗauke shi yaron gida, ya horar da shi, ya koya masa kula da abinci da barci. Da abokan kasuwancinsa suka fara gunaguni a kan wannan baƙin yaro, sai ya kwashe masana'antarsa ya koma garin Worcester a jihar Massachusetts a 1895, ya tafi da shi. A nan wariyar ta yi sauƙi, kuma nan ya zama garin Taylor na tsawon shekara talatin da biyar.

Kwana shida a kan sirdi

A watan Disamba 1896, yana ɗan shekara 18, ya shiga sahun masu tsere don kuɗi a zauren Madison Square Garden na New York. A daren farko ya ci tseren rabin mil, ya bar zakaran Amurka na lokacin, Eddie Bald, a baya. Daga nan ya shiga tseren kwana shida. Ƙa'idarsa mai sauƙin faɗi ce: a zagaya da'irar katako dare da rana, kowa ya yi barci lokacin da ya ga dama, wanda ya fi nisa bayan awa 142 shi ya ci. Zagaye goma ne mil ɗaya. Mahaya sukan yi gyangyaɗi a kan sirdi su faɗi, wasu su fara ganin abin da babu saboda rashin barci, kuma hakan ya sami Taylor ma.

Ya ƙare na takwas, da mil 1,732, kimanin kilomita 2,787. Don mu gane girman wannan, idan aka ja layi miƙe a taswira daga Kano zuwa Managil, bai kai hakan ba. Wannan ce tazarar da kakanninmu suka yi a ƙafa da jaki ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan, wasu cikin watanni, wasu cikin shekaru, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su sami guzuri. Shi ya yi ta a cikin zaure ɗaya cikin ƙasa da mako. Azabar wannan tsere ta sa hukumomin New York suka kafa dokar hana mahayi wuce awa 12 a rana, masu shirya wasan suka koma haɗa mutum biyu biyu suna karɓa-karɓa. Taylor bai mai da irinsa sana'a ba, domin ya gane baiwarsa tana gajeren zango.

Yadda ake kafa tarihi a keke

Tarihin keke kashi kashi ne, kuma wanda bai rarrabe su ba zai ruɗe da alƙaluma. Akwai na nisa cikin ƙayyadadden lokaci. Mafi daraja a nan shi ne na awa ɗaya, mutum shi kaɗai ba mai tare masa iska. Henri Desgrange, Bafaranshen da ya kafa gasar zagaye Faransa daga baya, ya yi kilomita 35.325 a Paris a 1893. A watan Oktoba 2022 Filippo Ganna ɗan Italiya ya kai kilomita 56.792. Akwai kuma na shekara guda: a 1939 Tommy Godwin ɗan Ingila ya yi kilomita 120,805, wato kusan kilomita 330 kowace rana har shekara ta zagayo.

Sai na gudu. Babban abokin gaban mai keke iska ce, kamar yadda duk wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu da kaya a baya ya sani. Wanda ya laɓe dab da bayan wani yana rage wahalar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka aka riƙa sa dogayen kekuna masu ɗaukar mutum huɗu ko biyar su shiga gaba suna tsaga iska, daga baya aka koma babura. A ranar 30 ga Yuni 1899 wani mai suna Charles Murphy ya bi bayan jirgin ƙasa, a kan katakon da aka shimfiɗa tsakanin dogo, ya yi mil ɗaya cikin sakan 57.8. Wancan wasan kasada ne na daban. Abin da manyan mahaya suke takara a kai shi ne mil ɗaya a filin tsere, kuma a nan Taylor ya yi suna.

Zuwa ƙarshen 1898 yana riƙe da tarihin duniya guda bakwai a zango daban daban. A watan Agusta 1899 aka yi gasar duniya a Montreal ta ƙasar Kanada, ya ci tseren mil ɗaya ya zama zakaran duniya. Shi ne baƙar fata na biyu da ya taɓa riƙe kambun duniya a wani wasa, bayan ɗan dambe George Dixon. Ranar 15 ga Nuwamba ta wannan shekara, a Chicago, ya bi bayan babur mai aiki da tururi ya yi mil ɗaya cikin minti 1 da sakan 19, gudun da ya ɗara kilomita 73 a awa. A 1900 ya ɗauki kambun Amurka na gajeren zango.

Abin da ya sha kafin ya kai nan

Duk wannan ya same shi ne a tsakiyar ƙiyayya. Filayen kudancin Amurka ba sa barinsa ya shiga, abin da ya sa ya rasa maki a gasar ƙasa. Otal-otal da gidajen abinci sukan ƙi karɓarsa a daren tsere, ya kwana da yunwa ya fito gasa. A cikin fili mahaya sukan haɗa baki su kewaye shi, ɗaya a gaba ɗaya a gefe, su rufe masa hanya. An watsa masa ruwan ƙanƙara, an zuba masa ƙusoshi a hanya. A watan Satumba 1897 a garin Taunton, wani mahayi mai suna William Becker ya finciko shi daga kan keke bayan an gama tsere, ya shaƙe shi har ya suma. Hukuncin da aka yi masa tarar dala 50.

Dabarar da Taylor ya fito da ita ita ce ya zauna a baya ya ƙi shiga cikin taron, yana kallon kowa, sai an zo mita ɗari biyun ƙarshe ya zabura ta waje kafin su ankara. Wannan zabura ita ce makaminsa. Bai sha giya ba, bai sha taba ba, bai kuma rama da hannu ba, domin ya san duk ranar da ya ɗaga hannu za a sami hujjar korarsa gaba ɗaya. Ko gida da ya saya a wata unguwar masu hali a Worcester a 1900, ta hannun wakili ya saye shi. Da maƙwabta suka gane mai gidan, suka haɗa kuɗi su saye da riba mai tsoka, ya ƙi sayarwa.

Duk ɗan ƙungiyar nan da aka taɓa tsayarwa a shinge ana juya takardarsa saboda sunansa ko harshensa, alhali a ƙasar nan aka haifi kakansa, ya san ɗanɗanon wannan hali, ya kuma san irin haƙurin da ake bukata don a wuce da kaya lafiya.

Ranar da ba ya aiki

Taylor Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma bayan rasuwar mahaifiyarsa ya ɗauki alkawarin ba zai yi tsere ranar Lahadi ba. To, a Turai ranar Lahadi ake manyan gasa. Masu shirya wasa na Faransa suka yi ta yi masa tayin maƙudan kuɗi, yana mayarwa. Bai je Paris kare kambunsa a 1900 ba, Edmond Jacquelin ɗan Faransa ya ɗauka. Da suka ga ba zai sauko ba, su suka sauko, aka rubuta yarjejeniya ba tseren Lahadi, ya shiga jirgin ruwa a 1901.

Ranar 16 ga Mayu 1901, wata Alhamis ta hutu, ya kara da Jacquelin a filin Parc des Princes na Paris, filin ya cika ya batse. Jacquelin ya ci, har ya yi masa gwalo a gaban jama'a. Ranar 27 ga watan aka sake karawa, Taylor ya ci duka zagaye biyun. Daga nan ya ratsa Jamus da Beljiyam da Italiya da Denmark yana kayar da zakarunsu, kuma a Turai ya fara sanin daɗin shiga otal a karɓe shi kamar kowa.

Mu da muke rufe shago mu tafi masallacin Juma'a ko da ciniki ya kankama, mun san abin da irin wannan alkawari yake ci. Abin lura a nan shi ne, saboda hajarsa ba ta da na biyu a kasuwa, masu saye ne suka bi sharaɗinsa.

A watan Maris 1902 ya auri Daisy Morris. Ya yi rangadi biyu a Ostareliya, aka haifa musu 'ya ɗaya tilo a birnin Sydney a 1904, suka sa mata sunan birnin. A 1903, lokacin da yake kai da komo tsakanin Ostareliya da Turai, a daidai shekarar ne aka yi yaƙin Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar.

Ko a Ostareliya abokan hamayyarsa na gida sun bi shi. Floyd MacFarland da Iver Lawson suka riƙa haɗa masa tarko, har Lawson ya kayar da shi a Melbourne a farkon 1904, ya ji rauni ƙwarai. Ya koma gida jiki da zuciya duk sun gaji, ya yi kusan shekara uku bai yi gasa ba. Ya koma Turai a 1907, ya sake cin manyan mahaya, amma ƙarfi ya fara ja baya. A rangadinsa na ƙarshe, da tayi ya ragu, ya sassauta ya hau keke ranar Lahadi. A 1910 ya ajiye tsere yana da shekara talatin da 'yan kai.

Yadda dukiyar ta tafi

Ya bar fili yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa samu a zamaninsa, da gida da mota da ajiya a banki. Ya so ya karanci injiniya a kwalejin fasaha ta Worcester, ba a ɗauke shi ba, kuma ba shi da takardar gama sakandare. Duk da haka ya shiga harkar mota, wadda a lokacin take ture keke daga kasuwa. Ya ƙirƙiro wata irin ƙafar mota mai sifirin, ya kafa kamfani, ya zuba kaso mai yawa na ajiyarsa. Tayar roba mai iska ta ci kasuwa, kamfanin ya durƙushe. Ya gwada wasu sana'o'in, ciki har da ta man inji, babu wadda ta tsaya. Ciwo ya zo ya ci nasa rabon. Aka sayar da kadarori ɗaya bayan ɗaya, har gidan da ya ƙi sayar wa maƙwabta.

Ya shafe shekaru yana rubuta tarihin rayuwarsa, ya buga littafin da kuɗinsa a 1928. Shekara ɗaya bayan haka tattalin arzikin Amurka ya rushe, ba mai kuɗin sayen littafi. Aurensa ya mutu. A 1930 ya tafi Chicago da kwalayen littattafai, ya kama ɗaki a masaukin matasa na YMCA, yana bi gida gida yana talla. Ranar 21 ga Yuni 1932 ya rasu a sashen marasa galihu na asibitin Cook County, yana da shekara 53. Iyalinsa ba su ji da wuri ba, babu wanda ya zo, aka binne shi a maƙabartar Mount Glenwood a kabarin da ba alama.

Sai a 1948, bayan shekara goma sha shida, wata ƙungiyar tsofaffin 'yan tseren keke ta nemo kabarin. Frank Schwinn, mai kamfanin kekuna na Schwinn, ya ba da kuɗi, aka mai da shi wuri mai kyau a maƙabartar aka sa allon tagulla. A 1982 birnin da ya taɓa hana shi filinsa, Indianapolis, ya buɗe filin tseren keke da sunansa. A 2008 aka kafa mutum-mutuminsa a gaban ɗakin karatu na Worcester. A nan kusa da mu kuwa, ƙetaren iyakar Kasala, Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya ci zango uku a gasar zagaye Faransa ta 2024 ya kuma ɗauki koriyar riga ta gwanin gajeren zango, fagen da Taylor ya yi sarauta shekara 125 kafin nan.

Abin da ya shafe mu

Abu biyu muke so 'yan ƙungiya su tsaya a kansu. Na farko jari. Taylor ya san keke ciki da waje, bai san kasuwar mota ba, kuma ya shige ta da kuɗin da ba zai iya sake samun irinsu ba, domin ƙafafun da suka kawo su sun tsufa. Fatauci ma yana da shekarunsa. Jikin da yake jure hanyar Gallabat da Matama, ko ta Jinaina da Adre, da kwanan bayan lori da jiran takarda a rana, ba zai jure har abada ba. Ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka sami riba a riɗi ko gyaɗa ko zoɓorodo, kafin su kwashe su zuba a harkar da suka ji labarinta a waya, su nemi wanda ya daɗe a cikinta su zauna da shi, su shiga da kaɗan, kada kuma su taɓa gidan da iyali suke ciki.

Na biyu ya fi nauyi, domin a wuyan ƙungiya yake. 'Yan sana'arsa ne suka tuna da Taylor a ƙarshe, amma kabari suka tarar. Da sun neme shi a 1931, da ɗakin haya da kuɗin magani kawai yake bukata. Tun da Madani ta faɗi a watan Disamba 2023 jama'a suka watse, akwai dattawan da suka koya mana hanya, suka tsaya mana a gaban dillalai lokacin da ba wanda ya san mu, waɗanda yau ba mu san inda suke kwana ba. Wasu suna Gadarif, wasu Kasala ko Bur Sudan, wasu sun ƙetara Habasha ko Chadi, wasu suna nan cikin Managil kunya ta hana su fitowa. Mutumin da ya saba bayarwa ba ya iya roƙo.

Saboda haka muna roƙon kowane ɗan ƙungiya, kafin taron bikin, ya zauna ya tuna waɗanda ya yi tafiya da su shekara goma ko ashirin da suka wuce, ya bincika inda suke da halin da suke ciki, ya kawo sunayen ga shugabanni a asirce ba tare da tozarta kowa ba. Wanda ake bin sa kuɗin asusun taimakon juna ya daure ya biya, ko da kaɗan kaɗan ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai matafiyanmu gida da alheri.